Gadon Mata: Tsohuwar Al'ada da Matsayinmu a Kanta

'Yan'uwa mazauna Sabo, duk wanda ya daɗe a ƙasar Yarabawa ya ji labarin al'adar da suke kira isupo, wato mutum ya rasu ƙaninsa ya ɗauki matarsa. A wurinsu ƙane ne ke gadon matar wansa. Ƙabilar Ibo ma suna da irinta, suna ce mata nkuchi.

Al'adar kuwa ta daɗe ƙwarai. A cikin Attaura an umarci Bani Isra'ila cewa idan mutum ya mutu bai bar ɗa ba, ɗan'uwansa ya auri matar, ɗan farin da ta haifa a lissafa shi na mamacin, don kada sunansa ya ɓace. In ya ƙi, matar ta cire masa takalmi a gaban dattawan gari. Manufar dai ita ce gona da dukiya su tsaya a gida, marayu kuma su sami mai riƙo.

Larabawan jahiliyya sun wuce gona da iri. Magaji yakan jefa wa matar mayafinsa, shi ke nan ta zama tasa. In ya so ya aure ta ba sadaki, in ya so ya aurar da ita ya cinye sadakin. Aya ta 19 cikin Suratun Nisa'i ita ta haramta gadon mata a kan tilas. Wadda a da ake gadonta sai ga ta tana cin gado: tumuni in mijin ya bar 'ya'ya, rubu'i in bai bari ba. Ita ma hukuma ta waiwayi batun daga baya, don a 2015 Nijeriya ta kafa dokar da ta hana cutar da matan mamata.

To, mu fa? A nan zango mutum kan rasu ya bar rumfa a kasuwa da yara ƙanana, dangi su taso daga Arewa, kafin sadakar arba'in an fara zancen wa zai ɗauke ta. Musulunci bai hana ƙanin miji auren matar wansa ba. Amma sai ta gama takaba, wata 4 da kwana 10, ko ta haihu in tana da ciki. Sai ta yarda, da waliyyinta da sabon sadaki. In ta ce a'a, tumuninta na nan, kuma rumfar marayu amana ce.

Muna roƙon sarakunanmu da limamai su sa ido. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu dace, amin.