Abincin Bayan Garin Abuja: Daga Nyanya Zuwa Mararaba da Masaka

Mafi yawan masu yi wa Abuja hidima ba a cikinta suke kwana ba. Direbobi da masu gadi da ƙananan ma'aikata suna fitowa ne tun da asuba daga garuruwan da ke kan hanyar Abuja zuwa Keffi: Nyanya da Karu a cikin Babban Birnin Tarayya, sai Mararaba da Masaka a Jihar Nasarawa. Tsadar haya ce ta tura su can, musamman bayan rusau ɗin da aka yi lokacin da Nasir El-Rufai yake ministan Abuja, daga 2003 zuwa 2007.

Wanda ke barin gida kafin gari ya waye, ya dawo bayan isha'i saboda cunkoson motoci, da wuya ya ɗora tukunya. Shi ya sa abincin titi ya zama abincin gida a wannan yanki. Da safe koko da ƙosai da waina ne a tashoshin mota. Da rana mata masu tuwo da shinkafa da wake su karɓi kasuwa. Da dare kuwa teburin mai shayi ke ci, da Indomie da ƙwai, ga masu tsire da balangu a gefe.

Yankin ƙasar Gbagyi ce tun asali, amma yau kusan kowace ƙabila tana da tukunyarta a nan: sakwarar Tibi da ta Ibo, amalar Yarbawa, fura da nonon Fulani. Kayan miya da 'ya'yan itatuwa suna sauka a Kasuwar Orange da ke Mararaba, wadda har masu gidajen abinci na cikin birni ke saye daga gare ta. Gasasshen kifi kuma ya yi suna a kasuwar Barikin Abacha, kafin a kai Nyanya.

A ɓangaren sha, zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi suna kafaɗa da kafaɗa da mashaya da gidajen burkutu, domin Nasarawa ba ta cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci.

Abubuwa biyu ne ya kamata mai bibiyar siyasa ya lura da su. Na farko farashi: tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya rage abin da ma'aikaci ke warewa don ci, masu sayarwa kuma suka rage yawan abin da suke zubawa a faranti. Na biyu kulawa: NAFDAC ta fi mayar da hankali kan abincin da aka sarrafa aka rufe, tsaftar na titi kuwa aikin duba-gari ne na ƙananan hukumomi. Wanda ke son sanin wa ke duba ruwan da aka dama kununsa a Mararaba, Ƙaramar Hukumar Karu zai tambaya.