Madugu Uban Tafiya: Labarin Hanyoyin Sakkwato Na Zamanin Dā

Yau in mutum ya tashi daga Sakkwato za shi Kano, sai ya shiga mota da safe, kafin dare ya isa. In kuwa ƙasar Gana ya nufa, kwana biyu ko uku sun ishe shi. Saboda haka da wuya ku 'yan makaranta ku gane abin da kakanninmu su ke nufi in sun ce wane ya tafi Gwanja. A zamanin dā, wanda ya yi niyyar wannan tafiya sai ya biya bashin da a ke binsa, ya nemi gafarar iyayensa, ya sallami iyali, gama sai bayan wata shida ko shekara guda za a sāke ganinsa, in Allah ya sa da sauran kwana.

To, ga abin mamaki. Hanyar nan cike ta ke da 'yan fashi da ƙasashen da ba sa ga maciji da juna, amma kowace shekara dubban mutane na binta, galibinsu kuma su komo gida lafiya da dukiyarsu. Yaya su ka yi? Wannan shi ne abin da mu ke so mu duba tare da ku, don akwai abin koyi a ciki.

Haɗarin da ke bakin ƙofa

Ku sani fa matafiyi ba sai ya yi nisa ba kāna ya gamu da abin tsoro. Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda a ka fara cikin 1804, waɗansu sarakunan Haɓe ba su miƙa wuya ba. Katsinawa su ka koma Maraɗi. Gobirawa kuwa, bayan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci su a Gawakuke cikin 1836, su ka kafa Tsibiri kusa da Maraɗin. Daga waɗannan garuruwa su ke kawo hari a hanyar da ta haɗa Sakkwato da Katsina. A yamma kuma Kabawa su ka tayar cikin 1849, su ka yi ƙarfi a Argungu, har hanyar Gwandu ta zama sai da shiri. Sarkin Musulmi Bello ya ga wannan hali tun da wuri, shi ya sa ya yi ta gina ribaɗi, watau garuruwa masu ganuwa da mayaƙa a bakin iyaka. Shi da kansa ya zauna a Wurno, can kuma ya rasu cikin 1837.

Wurin da matafiya su ka fi tsoro duka shi ne dajin Gundumi, gabas da Sakkwato a hanyar Zamfara. Ba gari, ruwa ya yi wuya, ga mahara na kai da kawowa. Ba mai hankalin da zai shige shi shi kaɗai. Sai a taru a bakinsa a jira har jama'a ta yi yawa, a cika salkuna, sa'an nan a kutsa, a yi ta tafiya dare da rana ba zango sai an fita.

Tsarin ayari

Fataken goro su na tashi ne da kaka, in ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe. Su kan ɗauki riguna da turkuɗi da kanwa da jar fata irin ta Sakkwato da busasshiyar albasa, su ɗora wa jakuna da takarkarai. Ba za mu ɓoye muku ba, a cikin hajar da a ke kaiwa har da bayi, wannan kuwa abin baƙin ciki ne a tarihinmu. Daga Sakkwato sai Jega, babbar kasuwa ta ƙasar Gwandu, sai a ƙetare Kwara wajen Illo ko Yawuri, a shiga ƙasar Bargu, a bi ta Nikki da Zugu, waɗanda ke cikin Jamhuriyar Benin yanzu, a wuce Sansanin Mango na ƙasar Togo, a bi ta Yandi, sa'an nan a sauka Salaga, inda mutanen Asante ke kawo goro daga kurmi. Cikin waɗanda su ka shahara da wannan fatauci akwai Kambarin Barebari, masu babban zama a Gummi, da Agalawa, da Tokarawa.

Ayari guda ya kan kai mutum dubu, wani ma dubu biyu. Bature Kilafatan ya gamu da wani a Kayama cikin 1826, ya na komowa daga Gwanja, ya ƙiyasta maza da mata sun fi dubu, dabbobi ma kamar haka. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Amma taro in ba shugaba ai garke ne kurum. Saboda haka kowane ayari na da madugu, shi ne uban tafiya, maganarsa ita ce yankakkiya tun daga ran tashi har ran komowa. Ba a ba mutum madugu don dukiyarsa kaɗai, sai wanda ya bi hanyar sau da yawa, ya san rijiyoyinta da mashigan kogunanta, ya san sarakunanta, su ma sun san shi. Ƙarƙashinsa akwai jagaba, mai wucewa gaba ya duba hanya, ya nemi wurin zango. Akwai uban dawaki, mai tara kuɗin da za a biya a hanya. Akwai kuma malamin ayari, mai rubutu da lissafi da roƙon Allah. Madugu kansa a baya ya kan tsaya, don ya tabbata ba a bar kowa ba, gama wanda ya yi saura a baya shi ne rabon ɗan fashi.

Fatake na riƙe da kwari da baka da takubba, waɗansu da bindiga. Amma madugun kirki ba ya son a kai ga zare su. Babban makaminsa shi ne gaisuwa. In ayari ya kusa ƙasar wani sarki, sai a aika a sanar, a yi ciniki a kan kuɗin fito da na wucewa, a kai wa sarki riga ko kanwa. Kowane falke ya ba da rabonsa gwargwadon kayansa. Sarkin da ya karɓi gaisuwa ya ɗauki nauyin ayarin ke nan har ya fita ƙasarsa, ya kuma san in a ka yi fashi a hannunsa, baɗi madugai za su sāke hanya, shi ke da hasara. 'Ya'yan sarakunan Bargu sun yi suna wajen tare fatake, duk da haka ba a bar bin ƙasarsu ba, domin an san wanda za a gaisar. Kilafatan ma ya rubuta cewa an tsoratar da shi ƙwarai da Bargawa, amma da ya shiga ƙasarsu da izinin sarakunansu sai ya same su mutanen kirki.

In an isa gari kuma ba a sauka barkatai. Akwai zango, akwai mai gida, watau fatoma, wanda zai ba baƙo masauki, ya ajiye masa kaya, ya yi masa tafinta, ya haɗa shi da masu saye, ya tsaya masa in rigima ta taso. Da ɗan gari kan ci gari. Zangunan nan su ne asalin unguwannin Hausawa da a ke kira zango a Gana da Togo har wa yau.

Saura abu guda, sanin lokacin tashi. Cikin 1892 yaƙin sarauta ya ɓarke a Salaga, kasuwar ta watse. Fatake ba su tsaya jiran ganin wanda zai ci ba, su ka kwashe su ka koma Kete-Karachi da Kintamfo da waɗansu garuruwa. Cikin waɗanda su ka bar Salaga daga baya har da shahararren malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda ya yi karatu a Sakkwato, ya zama limamin Kete-Karachi, ya rasu can cikin 1934.

Baƙin da su ka zo mana

Yanzu mu juya mu dubi abin ta ɗaya gefen. Yadda Gwanja ta ke baƙuwar ƙasa ga kakanninmu, haka Sakkwato ta ke ga Turawan farko da su ka zo, kuma labarinsu ya nuna dokar hanya ɗaya ce ga kowa.

Kilafatan, mutumin Birtaniya da a ke kira Abdullahi, ya iso Sakkwato cikin watan Maris 1824. Sarkin Musulmi Bello ya aika da mahaya su ka rako shi, Waziri Giɗaɗo ya zama mai masaukinsa. Ya so ya wuce Yawuri ya ga Kwara, Sarkin Musulmi ya ce hanya ba lafiya. Ransa bai so ba, amma ya haƙura, ya juya, ya isa gida lafiya. Da ya komo cikin 1826 sai ya tarar ana yaƙi tsakanin Sakkwato da Barno, ga shi kuwa ɗauke da takarda da kyauta zuwa ga Shehun Barno, Muhammadu Aminu Alkanemi. Wa zai bar baƙo ya kai wa abokin gābarsa kaya ana tsakiyar yaƙi? A ka hana shi wucewa. Ya zauna cikin ɓacin rai, ciwo ya kama shi, ya mutu a Sakkwato ran 13 ga Afrilu 1827. Ba wanda ya taɓa lafiyarsa, sai dai ya shigo ƙasa bai san abin da ya sāke a bayansa ba. Baransa Landa ya sami izini ya koma bakin teku.

Bayansa sai Bārat, Bajamushen da gwamnatin Ingila ta aiko, wanda a ke kira Abdulkarimu. Wannan ya san sirrin tafiya. Ya iya Larabci, ya koyi Hausa da Barbarci da Fulatanci, ba ya bukatar wani ya juya masa magana. Cikin 1853, da zai zo daga Katsina, bai yi gaggawa ba, ya jira Galadiman Sakkwato, ya bi ayarinsa. Tare su ka ƙetare Gundumi, tafiyar sa'a 26 ba hutawa. Da fitarsu ya sami Sarkin Musulmi Aliyu Babba a sansaninsa na Gawasu, ya yi gaisuwa, ya roƙi takardar amana, a ka ba shi. Ya sāke neman wata a Gwandu wurin Sarki Halilu, sa'an nan ya ƙetare Kwara a Sayi, ya shiga Tambutu cikin watan Satumba.

Can ne ya ga amfanin mai gida. Sarkin Masina ya aiko a ba da shi, amma Shaihu Ahmadu Albakkayi ya ce baƙonsa ne, ya shiga amanarsa, ba zai ba da shi ba. Wata da watanni ya na kāre shi, daga ƙarshe ya rako shi da kansa har Gawo. Bārat ya biyo ta Sakkwato cikin 1854, ya isa Ingila cikin 1855. Ku gwada shi da Manjo Layin, wanda a ka kashe cikin 1826 jim kaɗan bayan ya bar Tambutun nan ba shi da wani babba mai tsaya masa, ko Fogal, wanda a ka kashe a Wadai cikin 1856. Kada kuma mu mance da yaron nan Bahaushe, Dorugu, wanda ya bi Bārat duk tafiyar nan har Turai, ya komo, ya koyar a makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano, ya rasu cikin 1912.

Abin da ya rage mana

Ayarin Gwanja ya mutu tun da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, goro ya koma biyowa ta jirgin ruwa zuwa Ikko, daga nan a sa shi a jirgin ƙasa. Amma haɗarin hanya bai mutu ba. A 'yan shekarun nan mun ga 'yan bindiga sun sāke tare hanyoyi a dazuzzukan Zamfara da gabashin Sakkwato, kusan wuraren da kakanninmu su ke tsoro. Waɗansunku kuma za su fita waje neman ilmi ko ciniki ko aikin hajji, su ratsa ƙasashen da ba su zauna lafiya ba.

In ranar ta zo, ku tuna da madugu. Takardar amanar da Bārat ya roƙa ita ce fasfo da biza a yau, kada ku ƙetare iyaka ba su, kada kuma ku bi wanda ya ce zai ratsa da ku ta ɓarauniyar hanya. Jagaba shi ne tambayar labarin gari kafin a shige shi, matambayi kuwa ba ya ɓata. Ku san mai masaukinku tun kafin ku tashi, ku san inda ofishin jakadan ƙasarku ya ke. Ku bi jama'a, ku yi zango kafin duhu, ku ɓoye abin hannunku, ku koyi ko da gaisuwa ce da harshen mutanen wurin. Kada ku sa baki cikin rigimar da ba ku san mafarinta ba. In masu gari sun ce hanya ba lafiya, ku haƙura kamar yadda Kilafatan ya haƙura a zuwansa na farko, gama sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Allah ya kiyaye matafiya, ya komo da kowa gidansa lafiya, amin.