Kwana 11 da suka hana duniya sakat: daga ina kalanda ta fito?

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara.

Bari in fara da tambaya. Yau nawa ga wata? Na san da yawanku waya za ku duba, ku faɗa min kwanan watan Bature. In na ce na Musulunci nake nufi, sai an ɗan yi shiru, sai dai in azumi ya kusa. In kuma na tambayi tsohon manomi a ƙauye, zai iya ba ni lissafi na uku wanda babu shi a wayar kowa. Mutum ɗaya, gari ɗaya, lissafi uku. Yau ina so mu bi sawun yadda aka yi haka, domin musun da muke yi duk shekara, wannan ya ce kalandar Nasara ce, wancan ya ce ta Hijira ta tsufa, yawanci ana yin sa ne ba tare da an san tarihin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Tushen matsalar a sama yake. Duniya tana zagaye rana cikin kwana 365 da kusan awa 6. Wata kuma daga tsayuwa zuwa tsayuwa kwana 29 da rabi ne, in ka tara 12 ka samu kwana 354. Tsakaninsu akwai giɓin kwana 11. Shi ke nan fa. Kusan duk wata kalanda da ɗan Adam ya taɓa yi, dabara ce ta yadda za a yi da wannan giɓin. Ko ka bi rana ka saki wata, ko ka bi wata ka saki rana, ko ka yi ta faci don su tafi tare.

Mutanen Masar ta dā rana suka bi, don rayuwarsu a kan ambaliyar kogin Nilu take. Suka yi wata 12 masu kwana 30, suka liƙa kwana 5 a ƙarshe. Mutanen Babila, a Iraƙi ta yau, faci suka zaɓa: suna bin jinjirin wata, amma lokaci zuwa lokaci sai su ƙara wata na 13, har daga baya abin ya zauna a kan ƙari 7 cikin kowace shekara 19. Yahudawa har yau haka suke yi, haka ma kalandar gargajiyar Sin, shi ya sa sabuwar shekararsu take yawo tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu amma ba ta wuce nan.

To amma wadda ke cikin wayarku daga Roma ta taso, kuma a nan labarin yake da daɗi. Ita kanta kalmar kalanda daga Latin take. Ranar farko ta kowane wata suna kiranta kalendae, ranar da ake biyan bashi, littafin da mai bin bashi yake rubuta lissafinsa kuma sunansa kalendarium. Ku riƙe wannan, za mu dawo kan maganar kuɗi. Shekarar Romawa kwana 355 ce, kuma manyan limaman addininsu ne ke da ikon cewa bana za a ƙara wata ko ba za a ƙara ba. Su kuma waɗannan limaman 'yan siyasa ne. In abokinka ne a kan kujera sai ka tsawaita shekara, in abokin hamayya ne sai ka ƙi ƙarin ya sauka da wuri. Wato tazarce da kalanda, tun kafin a haifi kakannin 'yan siyasarmu. Da aka shiga yaƙin basasa ma sai aka yi ta mantawa da ƙarin, har lissafi ya kauce wa yanayi da kusan wata 3.

Juliyas Kaisar ne ya tsayar da wannan wasan. Da shawarar wani masanin taurari na Iskandariya mai suna Sosijinis, ya mayar da shekarar 46 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) kwana 445 don a cike ramin, sannan ya kafa doka: kwana 365, duk shekara ta huɗu a ƙara kwana ɗaya. Aka saka masa da sunan wata, shi ne Yuli. Magajinsa Agustus ma ya samu nasa, Agusta. Af, kun taɓa lura cewa Satumba, Oktoba, Nuwamba da Disamba a Latin ma'anarsu na 7, na 8, na 9 da na 10? Saboda da can a Maris shekararsu take farawa. Sunayen sun kauce da wata biyu, kuma sama da shekara 2,000 ke nan ba wanda ya gyara.

Lissafin Kaisar ya yi tsawo da kusan minti 11 a shekara. Abu kaɗan ne, amma duk bayan shekara 128 ya zama kwana guda. Zuwa ƙarni na 16, ranar da dare da yini suke daidaita, wadda coci ta ɗaure a 21 ga Maris don lissafin bikin Ista, ta zame zuwa wajen 11 ga Maris. Sai Fafaroma Giregori na 13 ya ba da umarni a 1582: mutane suka kwanta ranar Alhamis 4 ga Oktoba, suka tashi Juma'a 15 ga Oktoba. Kwana 10 sun tafi. Aka kuma gyara dokar ƙarin kwana, cewa shekarar da ta cika ɗari ba ta samun ƙari sai in za ta rabu da 400. Shi ya sa 2000 ta samu 29 ga Fabrairu, 1900 ba ta samu ba, 2100 ma ba za ta samu ba.

Lissafi ne mai kyau, amma da yake daga Fafaroma ya fito, ƙasashen da ba na Katolika ba suka ce ba da su ba. Ingila ta yi shekara 170 tana taurin kai, sai a 1752 ta miƙa wuya, inda aka tsallake daga 2 ga Satumba zuwa 14, kwana 11 cif. Masu karɓar haraji kuwa ba su yarda sun yi asarar ko kwana ɗaya ba, sai suka matsar da ƙarshen shekarar haraji gaba, kuma daga wannan gyaran ne har yau shekarar haraji a Birtaniya take farawa 6 ga Afrilu. Rasha sai 1918, shi ya sa juyin juya halin da ake kira na Oktoba a 7 ga Nuwamba ake tunawa da shi. Cocin Rasha har gobe tsohon lissafi take bi, Kirsimetinsu 7 ga Janairu. Don haka in wani ya ce maka wannan kalandar ta Kiristoci ce baki ɗaya, gaya masa su kansu sun shafe fiye da shekara 300 suna jayayya a kanta. Mu kuwa ta iso mu ne tare da sojan Ingila da suka ci Kano da Sakkwato a 1903, ta zauna ta hanyar haraji, albashi da makarantar boko.

Yanzu mu zo kan ta Hijira. Larabawa kafin Musulunci su ma suna taɓa watanni, suna jinkirta wata mai alfarma in ya zo musu a lokacin da bai dace da bukatarsu ba. Suratut Tauba ta haramta wannan, ta tsayar da watanni a 12. Wato Musulunci ya zare wannan ikon daga hannun shugabanni gaba ɗaya. Ku kwatanta da abin da limaman Roma suke yi, za ku ga girman matakin. Lambar shekara kuma a zamanin Sayyidina Umar (RA) aka sa ta, wajen shekara ta 17 bayan hijira. An ruwaito cewa wata takarda ce ta zo ɗauke da watan Sha'aban kawai, aka rasa ko na bana ne ko na bara. Sahabbai suka yi shawara, aka zaɓi shekarar hijira, wato 622, ta zama ta farko, aka kuma fara da Muharram duk da cewa a Rabi'ul Awwal Manzon Allah (SAW) ya isa Madina. Kun ga ita ma bukatar aikin mulki ce ta sa aka kafa lissafinta.

Sakamakon bin wata zalla shi ne kwana 11 ɗin nan yana nan bai tafi ko'ina ba, kowace shekara watanni suna matsowa baya da shi. Azumin 2011 a Agusta muka yi shi, cikin marka. Na 2021 a Afrilu, cikin zafin da ba sai na tuna muku ba. Yana ta gangarowa hunturu, kuma a 2030 azumi zai kama sau biyu, a farkon Janairu da ƙarshen Disamba. Cikin shekara 33 yake zagaye yanayi duka. Ni a ganina wannan adalci ne babba ga addinin da ya game duniya, don ba wata ƙasa da za ta dawwama tana azumi a dogon yini wata kuma a gajere. Kuma duk mai shekara 33 a takardar haihuwa, a lissafin Hijira ya kai 34. 'Yan uwa masu rage shekaru, sai haƙuri.

Na ce za mu dawo kan kuɗi. A 2016, da farashin mai ya faɗi, Saudiyya ta mayar da biyan albashin ma'aikatan gwamnati daga watannin Hijira zuwa na Miladiyya. Albashin wata bai canza ba, amma shekara ta ƙaru da kwana 11 na aiki. Japan ta riga su wannan wayon. Tsohuwar kalandarsu irin mai faci ce, kuma shekara mai zuwa za ta zo da wata 13, ga baitulmali ba kuɗi. Sai gwamnati ta yi shela cewa bayan 2 ga watan 12 na 1872, washegari 1 ga Janairun 1873 ne. Watan 13 ya ɓace, watan 12 ma kwana biyu kacal ya yi. An ce zamanantar da ƙasa ake yi, kuma gaskiya ne, amma aljihun gwamnati ma ya huta.

Wasu kuma ba kuɗi ne a gabansu ba, so suke a ce tarihi daga kansu ya fara. Masu juyin juya halin Faransa a 1793 suka mayar da mako kwana 10, hutu sau ɗaya a kwana 10, daga ƙarshe Napoliyon ya soke kalandar tasu baki ɗaya a farkon 1806. Tarayyar Sobiyet ta gwada mako mai kwana 5 a 1929, mata da miji kowa da ranar hutunsa daban, daga ƙarshe a 1940 aka koma kwana 7. Sarkin Iran a 1976 ya wayi gari ya ce shekarar 1355 ta zama 2535, don a ƙirga daga daular Sairus maimakon hijira. Shekara biyu abin ya yi. Shugaban Turkumenistan kuwa a 2002 ya sa wa Janairu laƙabinsa, Afrilu sunan mahaifiyarsa. Ya rasu a 2006, a 2008 aka mayar da tsofaffin sunaye.

Waɗanda suka daɗe su ne masu saiwa a cikin jama'a. Iran tana ƙirga shekara daga hijira amma da rana, tana farawa ranar Nauruz a Maris, kuma tushen lissafin yana komawa ga gyaran da su Umar Khayyam suka yi a 1079. Habasha tana da wata 13, goma sha biyu masu kwana 30 da ɗan ƙaramin Pagume mai kwana 5 ko 6, sabuwar shekararsu a Satumba, kuma sai a Satumban 2007 suka yi bikin shiga shekara ta 2000. Tailan tana gabanmu da shekara 543. Ko nan kusa, kasuwannin ƙasar Ibo suna ci ne da mako mai kwana 4: Eke, Orie, Afo, Nkwo.

Mu fa? Ranakunmu bakwai daga Larabci muka aro su, har suka zama sunayen mutane: Ladi, Altine, Talatu, Balarabe, Lami, Jummai, Asabe. Watannin Musulunci kuma muka yi musu sunan gida, watan Cika-ciki, watan Takutaha, watan azumin tsofaffi, ƙaramar sallah, babbar sallah. Da lissafin Hijira malaman Sakkwato suka rubuta tarihinsu, hijirar Shehu daga Ɗegel zuwa Gudu a 1218 take a wurinsu, mu ne muke cewa 1804. Shekarun haihuwa kuma da abin da ya faru ake riƙe su, shekarar fara, shekarar da mota ta koma hannun dama, shekarar da naira ta maye fam. Da aka zo cike fom sai aka rasa gurbin rubuta wannan, shi ya sa za ka ga gida guda kowa a katinsa an haife shi 1 ga Janairu.

Sai lissafi na ukun nan da na ambata, na manoma, wanda shi ya fi damuna. Watan Hijira ba zai gaya maka lokacin shuka ba tunda yawo yake, don haka manomi yana da nasa ƙirgen da ke tafiya da yanayi, yana farawa daga bayan kaka. Shi ne ake cewa watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Wannan bakwai ɗin ba Yuli ba ne, ba kuma Rajab ba. Ana haɗa shi da kallon taurari irin su kaza da 'ya'yanta, da juyawar iska, da tohon itatuwa. Miladiyya tana da gwamnati da banki a bayanta. Hijira tana da masallaci, da fadar Sarkin Musulmi mai sanar da ganin wata, har jihohi irin su Kano suna ba da hutun 1 ga Muharram. Ta manoma kuwa a kan tsofaffi kawai take, ga shi damina tana sauya hali, ga mu jikokinsu mun koma birni.

Don haka ga aikin wannan makon. Duk mai kaka ko kakan da ya yi noma, ya tambaye shi daga wane lokaci ake fara ƙirga watan ɗaya a garinsu, da alamar da suke dubawa kafin su yi shuka. Ku naɗi muryarsu, ku turo mana tare da sunan garin, daga Najeriya ko Nijar ko duk inda kuke. In sun taru za mu jera su a wani shiri mu ga inda lissafin Katsina ya haɗu da na Maraɗi da inda suka rabu.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.