Fenisilin

Fenisilin magani ne mai kashe bakteriya. Ana samun sa daga fumfunar Penicillium, wadda ke rayuwa a cikin ƙasa da kan ruɓaɓɓen abinci.

Tarihi

A shekarar 1928, a asibitin St Mary's da ke Landan, Alexander Fleming ya lura cewa fumfuna ta tsiro a farantin da yake renon bakteriyar Staphylococcus, kuma bakteriyar da ke kewaye da ita ta mutu. Daga baya Howard Florey da Ernst Chain suka tace sinadarin a Jami'ar Oxford, aka gwada shi kan majinyaci a 1941. Su ukun sun samu kyautar Nobel a 1945.

Yadda yake aiki

Fenisilin yana hana bakteriya gina bangon da ke kare ta, sai ta fashe. Ƙwayoyin halittar ɗan Adam ba su da irin wannan bango, don haka ba ya lalata su. Ana maganin tunjere da wasu nau'o'in nimoniya da shi, amma ba ya maganin mura. Jikin wasu mutane ba ya karɓar sa.

Bijirewa

Wasu bakteriya suna fitar da sinadarin beta-lactamase mai wargaza fenisilin. Shan maganin barkatai yana ƙara yaɗuwar irinsu.