Ranar da Linux ya sallami firosesar da aka haife shi a kanta

A farkon 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya sayi kwamfuta mai firosesar Intel 80386, wadda aka fi sani da 386. Firosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, ita ke aiwatar da duk umarnin da manhaja ta bayar. A kan wannan na'ura ya rubuta Linux, babbar manhajar da yau take riƙe da yawancin manyan kwamfutocin intanet, kuma a kanta aka gina Android. Intel ya fito da 386 a 1985, bai daina ƙera ta ba sai 2007, domin masana'antu na sa ta cikin injinansu.

A Disambar 2012 injiniya Ingo Molnar ya gabatar da gyaran da ya cire 386 daga Linux. Torvalds ya karɓa, ya ce shi fa ba ya kewarta. Daga Linux 3.8 na Fabrairun 2013, uwar da ta haife shi ba ta iya ɗaukarsa.

To me 386 ta tsare musu? Ka ɗauka yaran shago biyu suna rubutu a littafin bashi ɗaya. Wannan ya duba ya ga dubu biyar, kafin ya rubuta sabon adadi ɗayan ya riga ya canza shi, lissafi ya lalace. Haka take faruwa idan firosesa biyu ko fiye suna taɓa wuri ɗaya a ma'adanar kwamfuta. Maganin shi ne wani umarni mai suna CMPXCHG, wanda ke dubawa ya canza a bugu ɗaya, ba mai shiga tsakani. A 486 ta 1989 aka fara sa shi, 386 ba ta da shi. Dole masu rubuta Linux suka yi mata hanyar zagaye, kuma duk gyaran da za a yi sai an tabbatar bai rushe zagayen ba, alhali masu 386 ɗin da za su gwada sun yi ƙaranci.

Layi ya zo kan 486. A 2022 Torvalds ya ce irin waɗannan kwamfutoci kayan gidan tarihi ne, sai su yi ta amfani da Linux na gidan tarihi. A 2025 Molnar ya sake kawo gyaran cire ta. (Ba wai ta mutu ba ne: 486 aka sa wa madubin hangen sararin samaniya na Hubble a 1999.)

A ganina wannan sallamar ba ta da zafi sosai. Shekara 27 tsakanin fitowar 386 da cire ta, kuma tsohon Linux na nan kyauta ga mai so. Inda abin ya sha bamban shi ne Windows 11. Da Microsoft ya fito da shi a Oktoban 2021, ya gindaya sharaɗin guntun tsaro na TPM 2.0, ya kuma bar kusan duk firosesar Intel da ta girmi zubi na takwas na 2017. Wato kwamfutar da ba ta wuce shekara biyar ba, tana aiki garau, an ce ta tsufa. Hujjar kamfanin ita ce tsaro, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai wannan karon ba tsirarun injina aka bari a baya ba, miliyoyin kwamfutoci ne da ake aiki da su kullum.

A ranar 14 ga Oktoba 2025 tallafin Windows 10 ya ƙare, in ban da ƙarin shekara ɗaya ga waɗanda suka shiga wani shiri na musamman. Kwamfutar ba za ta mutu ba, za ta kunnu kamar jiya. Facin tsaro ne zai daina zuwa, duk ɓarakar da aka gano daga baya ta zauna a buɗe. Nan ne abin ya shafe mu, tunda da yawa daga kwamfutocin ɗalibai da shagunan buga takardu a nan 'yan hannu ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka.

Akan ce mai irin wannan kwamfuta ya koma Linux, kuma in firosesarsa mai bit 64 ce shawarar tana aiki. Mai bit 32 kuwa ƙofofi na rufuwa: Debian 13, da ya fito a Agustan 2025, ya daina fitar da manhajar girkawa domin irinta.