Cocin Anglika da Mas'alar Mai Mata Fiye da Ɗaya: Daga 1888 Zuwa 1988

Daga cikin mas'alolin da suka fi ɗaure wa 'yan mishan kai a Afirka a ƙarni na 19 akwai ta magidancin da ya karɓi addinin Kirista alhali yana da mata biyu ko uku, ya kuma nemi a yi masa baftisma, wato wankan da ake shiga addinin da shi. Koyarwar da suka zo da ita daga Turai ita ce aure tsakanin namiji ɗaya ne da mace ɗaya. To, shin a karɓe shi da iyalinsa yadda ya zo, ko kuwa sai ya sallami sauran matan? Ɗaliban fiƙihu sun san makamanciyar wannan tambaya a ƙissar Gailan ɗan Salama, wanda ya musulunta yana da mata goma, aka umarce shi ya riƙe huɗu. A wajen Cocin Anglika kuwa, sai da aka shafe shekara ɗari kafin a sauya amsar da aka fara bayarwa.

Tun a shekarun 1850 ra'ayi ya rabu biyu. John Colenso, wanda ya zama bishop na Natal a Afirka ta Kudu a 1853, ya zauna cikin ƙabilar Zulu, ya ga abin da saki yake haifarwa. Hujjarsa ita ce, auren da aka ɗaura bisa al'adar mutane kafin su san Kiristanci aure ne ingantacce, don haka tilasta wa mutum ya kori matar da ba ta yi masa laifi ba zalunci ne, kuma ya saɓa wa hanin da Linjila ta yi game da saki. A ɗaya ɓangaren kuma Henry Venn, sakataren ƙungiyar mishan ta CMS a Landan, ya tsaya a kan cewa ba za a yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma ba, domin sassauci a bakin ƙofa zai gurɓata koyarwar aure baki ɗaya.

An kai maganar gaban taron Lambet na 1888, wato taron bishop-bishop na Anglika na duniya, wanda aka fara yi a 1867 bisa gayyatar Babban Bishop na Kantabari. Taron ya yanke, da ƙuri'a 83 a kan 21, cewa kada a yi wa irin wannan mutum baftisma. A ci gaba da karantar da shi har zuwa ranar da zai iya zama da mace ɗaya. Game da matansa kuwa, an yarda a yi musu a wasu lokuta, gwargwadon yadda hukumar coci ta kowane yanki ta gani. Abin lura shi ne, Samuel Ajayi Crowther, Bayarabe, ɗan Afirka na farko da ya zama bishop a Anglika a 1864, yana cikin masu goyon bayan tsauraran.

Hukuncin ya bar magidanci da zaɓi biyu masu ɗaci: ko dai ya riƙe iyalinsa ya tsufa a bakin ƙofar coci, ko kuma ya zaɓi mace ɗaya ya sallami sauran. Nauyin zaɓi na biyu a kan mata da 'ya'ya ya faɗa. Matar da aka sallama ta rasa ɗakinta da gonar da take nomawa, sau da yawa har da 'ya'yanta, tun da a al'adu da dama 'ya'ya na gidan uba ne. Wannan matsi yana cikin dalilan da suka haifar da coci-coci masu zaman kansu a Legas. A 1891 aka kafa United Native African Church, wadda ta karɓi masu mata fiye da ɗaya. A 1917 kuma wasu mabiya cocin Methodist da aka kora a kan wannan batu suka kafa nasu cocin, wanda ake yi wa laƙabi da Eleja saboda kusancinsa da kasuwar kifi.

Bayan samun mulkin kai a ƙasashen Afirka, shugabancin coci-coci ya koma hannun 'yan ƙasa, waɗanda suka tashi a irin waɗannan gidaje, suka san matan da ake magana a kansu a matsayin iyaye da kakanni. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Cocin Lutheran na Laberiya ya riga ya buɗe ƙofar baftisma ga masu mata fiye da ɗaya tun a farkon shekarun 1950, kuma a 1975 wani limamin Katolika da ya yi aiki a Tanzaniya, Eugene Hillman, ya wallafa littafi yana kira da a sake duba mas'alar.

A taron Lambet na 1988, wanda bishop-bishop fiye da 500 suka halarta, wakilan Gabashin Afirka, musamman na Kenya, suka sake gabatar da batun. Ƙuduri na 26 ya tabbatar da cewa auren mace ɗaya shi ne koyarwar coci, amma ya halatta a yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma tare da matansa da 'ya'yansa da suka ba da gaskiya, bisa sharuɗɗa: ya yi alkawarin ba zai ƙara aure ba muddin ɗaya daga cikin matansa tana raye, jama'ar cocin yankin su amince, kuma kada a tilasta masa ya rabu da kowacce, saboda halin ƙuncin da za ta shiga.

Idan aka gwama hukunce-hukuncen biyu, za a ga cewa asalin aƙidar bai motsa ba. Kiristan da ya ƙara aure bayan baftisma har yanzu mai saɓo ne a idon cocin. Abin da ya sauya shi ne matsayin da aka ba wa cutarwa a ma'aunin hukunci. A 1888 an fifita tsaron ƙa'ida, ko da kuwa wasu mata za su rasa gidajensu. A 1988 an sanya halin waɗannan mata cikin nassin ƙudurin kansa, a matsayin dalilin hana saki. Ƙudurorin Lambet dai shawara ce, ba doka ba ce mai ɗaure kowa, shi ya sa har yau kowane lardi na Anglika a Afirka yake aiki da ƙuduri na 26 gwargwadon yadda bishop-bishop ɗinsa suka fahimce shi.