Gurbi da ƙima a harshen Python: bayani da alƙaluman zaɓen Sakkwato

A harsunan da ake rubuta wa kwamfuta umarni da su, irin su Python da JavaScript, akwai abin da ake kira fankishin. Dunƙulen umarni ne da ake rubutawa sau ɗaya, a raɗa masa suna, sannan a riƙa kiran sa duk lokacin da buƙata ta taso. Mai rubuta shi yakan bar wasu gurabe a buɗe, waɗanda masana ke kira faramita, abin da aka zuba a cikinsu a lokacin kira kuwa shi ne ƙima. Duk wanda ya taɓa riƙe takardar sakamakon zaɓe ta EC8A ya san wannan tsari ko da bai taɓa rubuta manhaja ba. Takardar da hukumar INEC ke kaiwa rumfar zaɓe a Dogon Daji, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal, zubinta ɗaya da wadda ke zuwa wata rumfa a Kebbe. Guraben ba sa sauyawa, alƙaluman da jami'in rumfa ya cike ne suke bambanta.

Python, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991, ba ya tilasta wa mai rubutu ya faɗi irin ƙimar da kowane gurbi zai karɓa. Wannan sassauci ne ya sa 'yan jarida da masu sa ido kan zaɓe suke saurin koyon sa, kuma ta nan ne kurakurai masu yawa suke shigowa ba tare da sallama ba.

Miƙa ƙima bisa jeri

An gudanar da zaɓen gwamnan Sakkwato a ranar 9 ga Maris, 2019. Aminu Waziri Tambuwal na PDP ya sami ƙuri'u 489,558, Ahmad Aliyu na APC ya sami 486,145, ratar ƙuri'u 3,413 ke nan. Sai dai masu rajista a rumfunan da aka soke zaɓensu sun kai 75,403, don haka INEC ta ce zaɓen bai kammala ba. Ƙa'idar da ta dogara da ita gajera ce: idan ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta haura adadin masu zaɓen da suka rage ba, ba a bayyana wanda ya yi nasara. Ga yadda take a Python:

```python
def an_kammala(na_ɗaya, na_biyu, saura):
    rata = na_ɗaya - na_biyu
    return rata > saura
```

Gurabe uku ne a nan. Python 3 yana karɓar haruffa masu ƙugiya irin su ɗ da ƙ a cikin sunaye, amma ba ya karɓar alamar da ke cikin kalmar ƙuri'a, dole a jefar da ita. Idan aka kira an_kammala(489558, 486145, 75403), amsar ita ce False, wato a'a. Bayan zagaye na biyu na ranar 23 ga Maris, Tambuwal ya tashi da 512,002, Aliyu da 511,660, kuma babu sauran rumfar da ake jira. Kiran an_kammala(512002, 511660, 0) zai ba da True, a kan ratar ƙuri'u 342 kacal. Ba a taɓa ko harafi ɗaya a jikin fankishin ba.

Wannan hanya ita ake kira miƙawa bisa jeri: ƙima ta farko ta faɗa gurbi na farko, ta biyu na biyu. Rauninta a fili yake. Wanda ya juya alƙaluma biyun farko ya rubuta an_kammala(511660, 512002, 0) zai sami rata ta zama -342, amsa kuma ta zama False, kamar dai har yanzu zaɓen bai kammala ba. Python ba zai ce uffan ba, domin lamba aka ba shi, lamba kuma ya lissafa.

Miƙa ƙima da suna

Maganin wannan shi ne a ambaci sunan gurbin tare da ƙimarsa:

```python
an_kammala(saura=75403, na_ɗaya=489558, na_biyu=486145)
```

Jeri ya daina tasiri, kuma editan da zai duba lissafin kafin a wallafa labari zai ga abin da kowace lamba ke nufi. Tun fitowar Python 3.0 a 2008, mai rubutu yana iya wajabta wannan: idan ya sa alamar tauraro ita kaɗai a cikin jerin guraben, duk gurbin da ya biyo bayanta ba ya karɓar ƙima sai da suna. A lissafin da zai shiga labarin zaɓe, wannan 'yar wahala ta fi arha a kan gyaran labari bayan ya bazu a WhatsApp.

Amma suna kaɗai ba ya warware tambaya mafi nauyi, wato wace lamba ce ta cancanci shiga gurbin. A 2019, gurbin saura yana nufin masu rajista a rumfunan da abin ya shafa. A ƙa'idojin da INEC ta fitar a 2022, waɗanda aka yi zaɓen 2023 da su, ma'aunin ya koma adadin waɗanda suka karɓi katin zaɓe na dindindin a rumfunan. A ƙarƙashin wannan sabon ma'auni ne aka sake zagaye na biyu a Sakkwato ranar 15 ga Afrilu, 2023, har da na kujerar sanatan Sakkwato ta Kudu, inda Tambuwal da Kebbe suke. Haka batun aringizon ƙuri'u: Dokar Zaɓe ta 2010 tana auna ƙuri'un da aka kaɗa da masu rajista, ta 2022 kuwa tana auna su da waɗanda aka tantance.

```python
def aringizo(ƙuriu, iyaka):
    return ƙuriu > iyaka
```

A ƙaddara, don misali kawai, wata rumfa a Dogon Daji mai masu rajista 700, aka tantance mutum 310, aka sami ƙuri'u 400 a akwati. aringizo(400, 700) zai ce babu laifi, aringizo(400, 310) zai ce a soke. Duka lissafin biyu daidai ne a idon kwamfuta. Dokar da ke aiki a shekarar zaɓen ce kaɗai ke faɗin wanda ya halatta, kuma fankishin bai karanta doka ba.

Ƙimar ko-ta-kwana

Ana iya ajiye wa gurbi ƙimar da zai yi aiki da ita idan mai kira bai ba shi komai ba. Sashe na 179 na tsarin mulkin 1999 ya ce ban da rinjayen ƙuri'u, sai ɗan takarar gwamna ya sami aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a biyu bisa uku na ƙananan hukumomin jiharsa.

```python
import math

def yankuna(adadi, kaso=2/3, cika=math.ceil):
    return cika(adadi * kaso)
```

Sakkwato tana da ƙananan hukumomi 23, saboda haka yankuna(23) zai ba da 16, domin 15 da ɗoriya ba ta isa ba, sai an cika ta zuwa sama. Abin lura shi ne gurbi na uku. Ƙimar da ke cikinsa ba lamba ba ce, wani fankishin ne, domin Python yana yarda a miƙa fankishin ga fankishin kamar yadda ake miƙa lamba.

A kan wannan gurbi na uku aka taɓa yin shari'ar da ta fi kowace shahara a tarihin zaɓen Najeriya. A zaɓen shugaban ƙasa na Agustan 1979, jihohi 19 ne, kuma Alhaji Shehu Shagari, ɗan garin Shagari da ke maƙwabtaka da ƙasar Tambuwal, ya sami kashi ɗaya cikin huɗu a jihohi 12, a Kano kuwa ya tsaya a kashi 19.94 cikin ɗari. Ɓangaren Cif Obafemi Awolowo ya ce biyu bisa uku na 19 jihohi 13 ne, abin da yankuna(19) zai bayar ke nan. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce 12 ne da biyu bisa uku, ba a cikawa, don haka abin da ake nema a jiha ta 13 shi ne rubu'in kashi biyu bisa uku na ƙuri'unta. Da a Python ake gardamar, da ya rubuta yankuna(19, cika=float) ya sami 12.67 idan an taƙaita. Kotun Ƙoli ta tabbatar da nasarar Shagari a ranar 26 ga Satumba, 1979. Darasin ga mai rubuta manhaja shi ne cewa ƙimar ko-ta-kwana matsaya ce da aka ɗauka a madadin mai amfani, kuma tun da ba ta bayyana a wurin kira, da wuya a tuna a tuhume ta.

Akwai kuma wani tarko da ya daɗe yana kama sababbin masu koyo:

```python
def ƙara(sakamako, jeri=[]):
    jeri.append(sakamako)
    return jeri
```

Python yana ƙirƙirar wannan jerin ne sau ɗaya, lokacin da ya karanta fankishin, ba a kowane kira ba. Wanda ya tara rumfunan Tambuwal da shi, sannan ya koma kan na Kebbe yana zaton sabon jeri ya buɗe, zai tarar da alƙaluman Tambuwal suna zaune a ciki. Gyaran shi ne a sa jeri=None, sannan a cikin fankishin a ƙirƙiri sabon jeri idan ba a miƙo wani ba. Dalili ɗaya ne ya sa fankishin da aka miƙa wa jeri, ya goge wani abu daga ciki, yake goge shi har a wurin mai kira: ba kwafi aka ba shi ba, ainihin jerin ne.

Idan ba a san yawan ƙimomin ba

Mazaɓu ba su da yawan rumfuna iri ɗaya. Tauraro a gaban sunan gurbi, kamar def jimla(*rumfuna), yana sa ya kwashe duk ƙimomin da aka miƙo, uku ne ko talatin. Taurari biyu suna yin haka ga ƙimomi masu suna, abin da ya dace da ƙuri'un jam'iyyu, tun da yawansu yana sauyawa daga zaɓe zuwa zaɓe.

Lamba ko rubutu

Shafin IReV, da INEC ta fara amfani da shi a 2020, hotunan takardun EC8A yake nunawa, ba alƙaluman da kwamfuta za ta lissafa kai tsaye ba. Masu bin diddigi sukan kwafe su da hannu cikin jadawali, kuma idan Python ya karanto fayil na CSV, komai yana zuwa ne a matsayin rubutu. Rubutu ba a auna shi da girma, harafi bayan harafi ake bi, kamar jerin ƙamus. Saboda haka aringizo("95", "310") zai ba da True, domin 9 ta fi 3, alhali ƙuri'u 95 ba su kai 310 ba. Rumfa mai tsabta ta zama abar zargi.

Idan aka nemi debe rubutu daga rubutu, Python yakan tsaya ya kai ƙara, wanda alheri ne. JavaScript ba ya tsayawa: "300" + 10 yana ba shi "30010", kuma gurbin da aka manta ba a cike ba yakan bar shi a matsayin undefined ya ci gaba da aiki. A Python ana mai da rubutu lamba da int, amma int("75,403") zai gaza saboda waƙafin da ke tsakiya, sai an cire shi tukuna da replace. Tun daga Python 3.5 ana iya rubuta ƙuriu: int a gaban gurbi don nuna irin ƙimar da ake so, sai dai wannan sanarwa ce ga mai karatu da manhajojin bincike irin su mypy. Python kansa ba ya hana a zuba rubutu a gurbin da aka yi wa wannan alama.